Kan Sarki Huɗu a Gwangwanin Madara

Sunansa kan sarki, amma babu sarki a kai,
babu rawani, babu kambi.
Jirgi ne ɗan mitsitsi mai ruwan ɗorawa,
farfela ɗaya a hanci, kujera biyu:
na gaba yana koyo, na baya yana tsawa.

Guda huɗu ne. Kawu Barau ya adana su
a gwangwanin madara, tare da katin fansho
da wata sifana da aiki ya cinye wa baki.
Daga ƙetare suka zo a goshin ambulan.
Dogara ne ya aiko, ɗan Wusasa,
wanda ya taɓa amai a kujerar gaba
Kawu ya wanke bai faɗa wa kowa ba.
Wasiƙar layi biyu ce:
Ga tsofaffin abokanka. Ka gane su?

Ya gane su.
Ya ɗora buta a kan risho,
ya kara ambulan a bakin tururi
har suka rabu da takarda don kansu,
ko haƙori ɗaya bai yage ba.
Yatsun da baƙin mai ya zauna a faratansu
ban san sun iya lallashi haka ba.

Shekara ashirin da shida yana ƙarƙashin cikinsu
a sansanin soja, rigingine kan siminti,
yana ɗaure noti, yana sauraren numfashin inji,
shi ne mai zare weji daga gaban taya
ya ɗaga babban yatsa, ya ja da baya.
Bai taɓa tashi ba. Ko sau ɗaya.
In an tambaye shi sai ya ce,
ai mai dafa tuwon biki ba ya zama a tabarma.

Da ya bar aiki sai ya kama ɗaki a Palladan
don kunnensa kada ya yi marmari.
Da hantsi, in jiragen ɗalibai suna kewaya gari
daga saman Samaru su karkato ta Kufena,
sai ya ajiye kofin shayi, ya karkata kai:
wannan yaron yana tsoron ƙasa,
wancan kuma fuloginsa ɗaya na tari.

Da madubin karatu mai tsage yake duba su.
Na farko ya ce mai zane ya yi ƙarya,
salansa ba a wannan gefen take ba.
Na biyu ya yi masa shiru.
Na uku hatimin gidan waya ya faɗo masa a fiffike,
baƙin zobe kamar tabon harsashi.
Na huɗu ya daɗe a kansa, sannan ya miƙo mini:
Duba da idonki na yara,
akwai wani a ƙasa? Ko inuwar mutum?
Na duba. Gajimare ne kawai, da kuɗin wata ƙasa.
Ya ce to, haka ne, mu ba ma shiga hoto.

Bana da damina muka kai shi.
Aka raba kaya, kowa ya ɗauki mai nauyi,
ni gwangwani ya zo hannuna.

Jiya da dare na jera su a kan tabarma,
sai aka kawo wuta ba sallama.
Fankar sama ta juya,
na ukun nan mai tabo ya ɗaga,
ya yi sama kamar kamu biyu,
ya karkata hagu, ya kewaya ƙafar kujera,
ya kife da baki a cikin takalmina.

Na yi dariya har na share ido.
Na san abin da zai ce:
tashi ba wuya, 'yar nan, ko leda tana tashi,
sauka ita ce karatu.

Na ɗauko shi, na hure masa ƙura,
na mayar da su gwangwani, sifana a kansu
kada wani ya sake tashi
babu mai ɗaga masa yatsa.